Naftali Ogola da Kwamfutar Rispa

Naftali Ogola bai taɓa ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi ba. Mun daɗe tare a ofishin ƙungiyar masunta da ke bakin tafki, can gefen Kisumu, inda nake aikin akawu, kuma a duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin ya zauna cikin kujera sosai ba. A baki-baki yake ɗosanawa, ƙafa ɗaya na rawa, idonsa na kan wani abu da yake so ya kwance.

A Asembo aka haife shi, ubansa mai gyaran keke ne. Ya gama sakandare, ya shiga makarantar koyon aikin lantarki, ya fita bai ƙarasa ba, wai malaman ba sa sauri. Ya yi gyaran waya a wata rumfa kusa da tashar mota, daga nan ya koma tsaron wani shagon intanet. A can ne ya haɗu da Linuks, manhajar nan ta tafiyar da kwamfuta da ake bayarwa kyauta, wadda kowa ke da ikon buɗe cikinta ya sake mata fasali. Ga mutum irin Naftali, wannan ba ƙaramar fitina ba ce. Matarsa, wadda muke kira Nyar Gem saboda daga Gem aka auro ta, ta taɓa gaya mini cewa in za ta yi tafiya, gidan maƙwabta take kai keken ɗinkinta ajiya.

Mu don kula da firijin kifi da sikeli muka ɗauke shi. Amma da aka ba ƙungiya kyautar tsofaffin kwamfutoci na kan tebur, ba wanda ya ce masa uffan, shi ya kwashe su ya kakkaɓe, ya zuba musu Linuks. Uku suka tashi. Ɗaya tawa, ɗaya ta manaja, ɗaya ta Rispa Akumu.

Rispa ita ke buga wasiƙun ƙungiya da takardun izinin kwale-kwale, ita ke amsa waya. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun tana ƙarama. Kwamfutarta magana take mata: duk harafin da ta danna, wata murya ta faɗa mata a kunne, duk abin da ya fito a allo, muryar ta karanta. Ta sa wa muryar suna Dikin, domin a cewarta da labarin aure da na mutuwa duk da murya ɗaya yake karantawa, kamar mai sanarwa a coci. Wurin fitar da sauti na jikin kwamfutar ya mutu tun kafin ta zo hannunmu, saboda haka Naftali ya samo wata 'yar na'urar sauti, ba ta wuce babban yatsa ba, ana soka ta a baya, a jona abin kunne a jikinta. Ta nan Dikin ke fitowa.

Matsalar ita ce Dikin ya tsufa. Rispa za ta gama layi, shi yana can yana in'ina a tsakiya. In aka buɗe takardu biyu a tare, sai ya ɗauke numfashi, ta zauna hannu a sama tana jira. Masunta a tsaye, kifi na jira a rana.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon manaja, Obudho, matashi mai tsabta da ya yi karatu a Nairobi. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Ya kalli layin da ke bakin tagar Rispa, ya kalli akwatunan kwamfutocinmu masu gurnani, ya kawo shawara a zubar da su, a sayo 'yan na'urorin nan na shafawa da yatsa, masu manhajar wani kamfani da aka yi don ƙungiyoyi irin tamu. Mama Filgona, tsohuwar dillaliyar kifi da ke cikin kwamiti, ita ta tambaya ko manhajar tana magana. Mai tallar ya ce tukuna. Ta ce to Rispa fa? Obudho ya ce za a duba. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san ma'anar za a duba.

Kwamiti ya tsai da cewa ranar Litinin mai zuwa za su zo da kansu su ga Rispa tana aiki. In na'urar za ta iya, a bar ta. In ba za ta iya ba, shi ke nan.

Da aka watse, Naftali ya shigo ofis yana murza hannu.

Ya ce, "Nyamera," haka yake kiranta, wato 'yar'uwata, "kwantar da hankalinki. Na san ciwon. Kanel ne."

Ta ce, "Omera," wato ɗan'uwana, "bara ma ka san ciwon. Sati guda ina bugawa harafin farko na fitowa sau biyu."

"Wancan daban. Akawu, saurara kai ma, ka ƙaru."

Ya yi mana bayani yana zagaya tebur. Kanel, in ji shi, shi ne tsakiyar Linuks, shi ke tsaye tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji, shi ke raba wa kowa lokaci, ya ce wane yi magana, wane dakata. Kuma kowane abu da aka jona wa kwamfuta, madannai ne, firinta ce, sai kanel yana da ɗan guntun da ya san yarensa, wanda suke kira direba. Kanel ɗin da ke zuwa da Linuks an yi shi ne don duniya duka, yana ɗauke da direban kowace irin na'ura da aka taɓa ƙerawa.

Ya ce, "Kamar matatu ce, motar hayar nan, ranar kasuwa. An cusa mutum, an cusa kaji, an ɗaure katifa a sama, sannan kuna mamaki ta kasa hawa tudu. Zan gina mata nata, daidai jikinta. Sannan in gaya masa, in Dikin zai yi magana, kowa ya yi shiru."

Rispa ta ce, "In ka kashe mini Dikin fa?"

"Ni? Ni na haife shi."

"Shi ya sa nake tsoro."

Amma ta yarda, don ba ta da wata hanya.

A daidai makon nan ake shirin jana'izar Jaduong Owiti, ɗaya daga cikin dattawan da suka kafa ƙungiyar. Gidan makoki in ya aiko aro, ba a tambayar dalili. Kujerun taronmu suka tafi, rumfar tamfol ta tafi, janareta ya tafi, har babbar butar shayi. Ranar Juma'a da safe mai kiɗan da aka ɗauko ya aiko cewa kwamfutarsa ta ƙi haɗuwa da manyan lasifikoki. Naftali ne da kansa ya sunkuya bayan teburin Rispa, ya zare 'yar na'urar sautin, ya hau boda, wato babur na haya, ya kai. Ba karo na farko ba ne, kusan duk makokin unguwar nan da ita ake yi. Rispa ma ta rufe tagarta ta tafi, tana cikin mawaƙan coci.

Ranar Asabar aka yi binnewa. Naftali ya je ya nuna fuska, ya gaisa da 'yan gida, kafin a fara jawabai ya sulale. Da na dawo da yamma don in duba ƙofofi, na same shi a gaban kwamfutar Rispa, rigar makokin a rataye a ƙusa, farin rubutu na gudu a baƙin allo kamar tururuwa. Fankar cikin akwatin tana kuka.

Na ce, "An tambaye ka a can. Ko ugali, tuwon masarar nan, ba ka tsaya ka ci ba."

"Akawu, zo ka ga wayo."

Ya nuna mini. A da, in mutum zai gina kanel, sai ya bi tambayoyi dubbai ɗaya bayan ɗaya, wannan a sa, wannan a cire. Amma akwai wani umarni da masu abin suka tanada: shi zai leƙa ya ga direbobin da kwamfutar ke aiki da su a wannan lokacin, ya riƙe su, ya watsar da sauran. Da shi Naftali ya yi aiki tun safe. Yanzu kwamfutar ce ke haɗa kanel ɗin, kuma a tsohuwar na'ura irin wannan abin yakan ci kusan wuni.

Ban taɓa ganin jira ya wahalar da mutum kamar yadda ya wahalar da shi ba. Ya tashi, ya leƙa firiji, ya dawo. Ya taɓa bayan akwatin, ya ce ya yi zafi, ya ɗauki kwali yana masa fifita. Wuta ta ɗan ƙyafta, ya dafe kai da hannu biyu, bai sauke ba sai da ya ga rubutun bai tsaya ba. Ya ɗauki abin huda takarda na tebur ɗina ya fara kwance shi, na ƙwace.

Rana na gab da faɗuwa rubutun ya tsaya. Ya girka sabon, ya kashe, ya kunna. Gaskiya ban taɓa ganin akwatin nan ya tashi da sauri haka ba. Ya buɗe takarda, ya buɗe ta biyu, ya buɗe ta uku, ya daddanna madannai, haruffa na fitowa nan take. Ya yi tsalle ya daki iska.

Sai na ga ya ci gaba da danne-danne. Na tambaye shi me kuma.

"Shara. Rumbun ajiyar kwamfutar ya cika. Zan share tarkacen ginin, in share tsohon kanel."

"In sabon ya ƙi fa?"

"Ka gan shi ya ƙi?"

Ban san aikin ba, kuma na ga abu yana gudu da idona. Na ƙyale shi. Shi ma da ido ya gwada, domin mai ido ne. Ranar Lahadi, in ji Nyar Gem, har a ƙofar coci yana tare mutane yana ba su labari.

Litinin da safe Rispa ta riga kowa zuwa, ta sha sabon ɗinki. Mai kiɗan ya mayar mata da 'yar na'urar, ta ciro ta daga jaka, ta laluba bayan akwatin ta soka a inda ta saba. Ta sa abin kunne. Naftali ya kunna, ya ja baya yana murmushi.

Ta jira. Ta danna harafi. Ta danna wani.

"Omera, Dikin bai gaishe ni ba."

"Ƙara sautin."

"Na ƙara."

Ya karɓi abin kunnen ya sa a nasa kunnen. Ya cire, ya hura bakin wayar, ya mayar. Ya zare na'urar ya soka a wani rami, ya sake sokawa a na gaba. Ya aro abin kunnen manaja. Ya ce lalle mai kiɗan nan ya ƙona ta, ya kawo ta wurin kwamfutata ya soka, sai ga sauti tar. Ya tsaya da ita a hannu yana kallonta.

Ya koma, ya buɗe baƙin allon, ya kira bayanin da kanel ke rubutawa game da duk abin da ya same shi. Na tsaya a bayansa. Ya sa yatsa a layin ƙarshe. Kanel ɗin ya ce an soka wani abu, ga sunansa, ga lambarsa. Daga nan bai ƙara cewa komai ba. Ya ga baƙo, amma ba shi da wanda zai yi masa magana.

Naftali ya ce a hankali, "Ranar Asabar ba ta nan."

Rispa ta ce, "Wa?"

"Na'urar. Tana gidan makoki. Da umarnin ya duba bai gan ta ba, sai ya zubar da direbanta. Duk ɓangaren sauti ya tafi."

"Wa ya kai ta gidan makokin?"

Ya sosa ƙeya.

Ta ce, "To mayar da tsohon. Gara mai in'ina da bebe."

Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Sai ya zabura ya ce ba komai, zai sauko da tsohon daga intanet yanzu-yanzu. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan modem ɗin ofis ya soka. Shi ma shiru. Ranar Asabar yana cikin aljihun rigar da ke rataye a ƙusa. Ya ce to ta kwamfutata zai sauko da shi, ya kwaso a filashi. Muka gwada, layin ranar yana ja kamar ana tatsar sa, abin ya yi nisa kaɗan ya yanke, ya sake farawa ya yanke. Abin da ya rage masa shi ne ɗanyen kayan ginin, wanda yake da kwafinsa a cikin rumbun. Sai dai a sake gini daga tushe, tun da ya share tarkacen da zai rage masa aiki.

Daga waje muka ji muryar Mama Filgona tana faɗa da mai boda a kan ya bi da ita ta cikin rami. Kwamiti ya iso.

Naftali ya durƙusa kusa da kujerar Rispa, yana magana ƙasa-ƙasa, amma ina ji.

"Nyamera, saurara. In na fara ginin yanzu, na'urar za ta yi nauyi fiye da da, a gabansu. Bari in nuna musu gudunta haka. Mu ce na'urar sautin ta lalace a wurin makoki. Ba wanda zai yi musu, za su ba mu wata rana."

Ta cire abin kunnen ta ajiye a cinya.

"Ka ce gidan Owiti sun ɓata kayan aro? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba. Matarsa za ta ji kafin azahar, ta sayar da akuya ta zo biya. A'a. Fara ginin. Kuma kai za ka gaya musu, da bakinka."

"Za su kore ki."

"Wataƙila. Fara."

Ya fara. Ya buɗe jerin tambayoyin, ya nemo sauti ya sa, ya nemo modem ya sa, ya tsaya ya waiga ko'ina cikin ɗakin yana neman abin da aka taɓa jonawa, ya ƙara firinta. Rubutu ya soma gudu, fanka ta ɗauki kuka.

'Yan kwamiti suka shigo, aka ba su benci tun da kujeru ba su dawo ba, aka aika siyo shayi da mandazi, wato irin fankensu. Naftali ya tsaya a gabansu, hannunsa ɗaya na murza ɗayan, ya faɗi abin da ya faru, bai rage komai ba. Rabinsu ba su gane ba. Mama Filgona ta gane.

Ta ce, "Wato ka ƙidaya 'yan gida ranar da ɗaya ya tafi makoki, ka dafa abinci ba da shi ba."

"Kusan haka ne, Mama."

"Sannan ka fasa tsohuwar tukunya."

"E."

"Kai, uwarka ta sha wahala."

Aka yi dariya, amma Obudho bai yi ba. Ya ce an zo ganin aiki, a ga aiki. Rispa ta ce a kawo. Naftali ya ja gwangwanin fenti ya zauna a gefenta, ya ce shi zai zama Dikin. Wani mai kwale-kwale ya matso taga, ya faɗi sunansa da na jirginsa, Rispa ta buga. Allon bai motsa ba. Can sai haruffan suka zubo a tare, Naftali ya karanta da sauri har yana haɗiye wasu.

Ta ce, "A hankali. Dikin ba ya haki."

Haka aka yi ta yi. Takardar da a da take ɗaukar ɗan lokaci, ranar sai da mai ita ya gaji ya tsuguna. Naftali yana karanta mata, ido ɗaya na kan rubutun ginin da ke gudu a gefe, sau biyu ya karanta mata layin ginin a maimakon nata, ta taka masa ƙafa. Zufa ta jiƙa masa riga. Ita kuwa bayanta a miƙe, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Da rana ta take, Obudho ya miƙe. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma yana da tambaya ɗaya. Ko da abin ya gyaru yau, aikin Rispa yana rataye ne a hannun mutum ɗaya, wanda in ya ga dama gobe zai sake kwancewa. Ƙungiya za ta zauna a haka? Tambayar kuwa tana kan hanya. Jiragen rana sun fara shigowa, 'yan kwamiti duk masu kifi ne, suka ce za su zauna a kan maganar ranar Laraba, suka fice.

Mama Filgona ba ta tashi ba. Ta ce gwiwarta na ciwo, kuma ita in ta biya kuɗin boda sai ta ga ƙarshen abu. Ta miƙe ƙafa a kan benci, ta jawo sauran mandazin gabanta.

Bayan azahar rubutun ya tsaya cak, da wani layi da bai yi kama da na gamawa ba. Naftali ya karanta, ya ce wayyo. Rumbun ya cika, ba wurin ajiye sauran. Ya shiga nema, me zai share, me zai share. Takardun Rispa ne, ba a taɓawa. Sai ga wata babbar jakar fayiloli a ɓoye, ya daina danne-danne.

Rispa ta ce, "Mene ne?"

"Waƙoƙina ne. Na ohangla. Shekaru ina tarawa."

"A cikin kwamfutata?"

"Tawa a kwance take a gida."

Rispa ta ce, "Ashe kai ne katifar da ke saman motar."

Ya share su, ya sa ginin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Daga nan bai ƙara zama ba. Ya je firiji ya dawo, ya je bakin ruwa ya dawo, ya tsaya a ƙofa yana kallon wayar lantarki kamar zai riƙe ta da ido, domin janareta yana can gidan Owiti. Rispa ta rufe taga, ta ce wa masunta su dawo gobe, ta zauna hannuwa a cinya. Na kawo mata shayi, ya huce ba ta taɓa ba.

La'asar ta yi sanyi sannan ya gama. Wannan karon bai yi murmushi ba. Ya girka, ya duba na'urar tana soke, ya sake dubawa, ya kashe, ya kunna. Ya juya wa allon baya.

Rispa ta sa abin kunne. Muka zuba mata ido. Sai na ga kafaɗunta sun sauka.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Dikin. Ina ka shiga?"

Ta zare wayar abin kunnen, ta ce Naftali ya jona ƙaramar lasifika don Mama ta ji. Mama Filgona ta gyara zama ta ce a rubuta wa ɗanta da ke Mombasa, ta fara zuba magana ba tsayawa, da gaisuwa da faɗa da batun rufin ɗakinta da ke yoyo. Rispa na bugawa, Dikin na bin ta harafi da harafi, bai yi in'ina ko sau ɗaya ba. Ta buɗe wata takarda a kai, ta buɗe ta uku, bai ɗauke numfashi ba. Da aka gama ya karanto wasiƙar duka da muryarsa ta sanarwa, har da inda Mama ta kira ɗan nata shashasha.

Tsohuwar ta ce, "To, na ji." Ta sa takalmi, ta ce a kira mata boda, ban da na ɗazu.

Ba na cikin zaman Laraba sai don rubuta abin da aka yanke, kuma ga shi. Za a sayi na'urorin shafawa don masu aikin bakin ruwa. Kwamfutar Rispa za ta zauna, ita ma za ta zauna, muddin akwatin yana numfashi. Bayan haka ba a yi wa kowa alkawari ba. Obudho ya kafa sharaɗi, Mama Filgona ta goya masa baya: a mayar da tsohon kanel ya zauna kusa da sabon, a koya wa Rispa yadda za ta zaɓe shi da kanta in sabon ya ƙi. Sannan a canja kalmar sirrin da ke ba mutum ikon taɓa cikin na'urar, kuma Rispa ce kaɗai za ta san ta.

Naftali ne ya buɗe mata wurin. Ta ce ya fita waje, ya fita. Ta ce ni ma in juya, na juya. Ta sa abin kunne ta buga.

Yanzu watanni sun shuɗe, Dikin na magana. Naftali yana nan, ya rame kaɗan. Masu Linuks ba sa daɗewa ba su fitar da sabon kanel ba, kuma duk ranar da suka fitar, ni nakan sani tun kafin ya buɗe baki, domin sai ya yi ta gilmawa ta bayan kujerarta ba dalili. Jiya ma haka.

Ya ce, "Nyamera, an fitar da sabo. Sun gyara wani abu a ɓangaren sauti. Ƙaramin aiki ne, Asabar ɗaya."

Ba ta daina bugawa ba. Ta ce, "Dikin yana magana?"

"Yana yi."

"Akwai layi a taga?"

"Babu."

"To je ka duba firiji."

Ya tsaya kaɗan, yana kallon bayan akwatin. Sannan ya tafi duba firiji.